Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gane Kalkantait da Adana Shi

Kalkantait ma'adini ne mai launin shuɗi wanda ya ƙunshi jan ƙarfe da farar wuta da iskar oksijin da ruwa, kuma ruwan ya kai kusan kashi 36 cikin 100 na nauyinsa. Yakan fito a saman jijiyoyin jan ƙarfe da iska ta ci, ko a bangon tsofaffin ramukan haƙa, kamar a mahaƙun Chuquicamata da ke hamadar Atakama ta ƙasar Chile da Rio Tinto ta Sifaniya. Dalilin ƙarancinsa shi ne ruwa yana narkar da shi, don haka ba ya daɗewa inda ake samun ruwan sama sosai.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne wanke shi. Mai tara duwatsu yakan ga ƙura a jikinsa ya tsoma shi cikin ruwa, kafin ya ankara kusurwoyinsa sun zaizaye, ruwan kuma ya rine ya koma shuɗi. Abin da ya kamata shi ne a share ƙurar da busasshen burushi mai laushi, a hankali ƙwarai, domin taurinsa bai wuce 2.5 a ma'aunin Mohs ba, wato ma'aunin taurin ma'adinai mai hawa 1 zuwa 10.

Wasu kuma, da suka ji labarin ruwa, sai su bar shi a fili cikin busasshiyar iska, wanda shi ma kuskure ne. Iska irin ta hunturu tana tsotse ruwan da ke cikinsa, sai fuskarsa ta dusashe, ta yi fari-fari, daga baya ta marmashe ta zama gari. Maganin wannan shi ne a rufe shi ruf cikin kwalba ko akwatin gilashi, nesa da rana da zafi.

Ɗanɗana shi da harshe don a tabbatar da shi ganganci ne, domin yana da guba. Akwai gwaji mafi aminci: a narkar da ɗan ɓarɓashinsa a ruwa, a jefa ƙusar baƙin ƙarfe mai tsabta a ciki, nan da ɗan lokaci za a ga jan ƙarfe ya lulluɓe ta. Wannan gwajin yana bambanta shi da azurait da linarait, wasu ma'adinai masu launin shuɗi kamarsa waɗanda ba sa narkewa a ruwa, kuma linarait ya ninka shi nauyi saboda darmar da ke cikinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yaudarar masu saye. Yawancin manyan ƙwayoyi masu sheƙi da ake tallatawa ba daga ƙasa aka tono su ba, a ɗaki aka tsirar da su a kan wani dutse ta hanyar barin ruwan da aka narkar da sinadarinsa a ciki ya ƙafe. Na asali galibi ɓawo ne ko zare-zare ko ɗigo mai reto, don haka mai saye ya nemi sanin mahaƙar da aka samo shi kafin ya biya kuɗi.