Zuwa Benin Daga Abuja a Ƙarshen Mako: Kurakuran da Ke Cinye Wa Abokai Asabar Ɗinsu

Duk wanda ya kawo shawarar a je birnin Benin na jihar Edo ranar Juma'a a dawo Lahadi, ya fara faɗa wa abokan tafiyarsa gaskiya: yini ɗaya tak za su yi a garin. Juma'a ta hanya ce, Lahadi ma ta hanya ce. Asabar kaɗai ce taku. Kurakuran da aka fi yi a wannan tafiya, in ka bi diddiginsu, kusan duk Asabar ɗin nan suke gutsura, wasu tun ba a bar Abuja ba.

Babbansu shi ne maganar nan ta "mu haɗu a Gwagwalada in an sauko daga masallaci". Kafin wane ya koma Kubwa ya ɗauko jaka, wane ya sha mai, wane ya tsaya cirar kuɗi, an kira la'asar. Tsakanin Abuja da Benin ya haura kilomita 400, kuma ba tsawon ne abin ji ba. Daga Kwali zuwa Abaji da Koton Karfe, a haye gadar Murtala a Jamata a nufi Lokoja, da dama-dama. Daga Okene labari ke sauyawa. Tirelolin siminti na fitowa daga Okpella, ga ramuka, ga shingayen jami'an tsaro, kuma tsakanin Auchi da Ekpoma da Ehor tirela ɗaya in ta kafe ko ta kife, sai a share awanni a wuri guda. Wanda ya yi awa takwas ya gode wa Allah. Wanda kuwa ya bar Abuja ƙarfe uku, dare zai riske shi a yankin Okene, inda aka sha tare matafiya a yi garkuwa da su. In ma ya isa lafiya, sai tsakar dare, washegari kuma barci zai kwashe kowa har hantsi.

Gyaran ba wuya, sai dai yana buƙatar a nemi hutun yini ɗaya a wurin aiki. Ku tashi da an idar da sallar asuba. Juma'a za ta same ku a Okene ko Auchi, garuruwan da Musulmi ke da yawa kuma masallatai ba sa wuyar samu, ga shi matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli. Da yamma kuna Benin da sauran haske. In aljihu zai ɗauka, jirgi daga Abuja bai wuce kamar awa ɗaya ba, kuma filin jirgin Benin a cikin gari yake, ba irin namu da sai an yi doguwar tafiya kafin a kai tsakiyar birni ba. Abin da ba na ba da shawara shi ne rabin jama'a su bi sama, rabi su bi ƙasa. Na sama za su ƙare da zaman jira a otal. Masu bin ƙasa a Satumba ko Oktoba kuma su tambayi direbobin Utako ko Jabi halin da Koton Karfe ke ciki, domin a 2012 da 2022 ambaliya ta shanye hanyar a wurin, motoci suka yi kwanaki.

Akwai maganar da ke ran kowane ɗan Arewa in aka ambaci jihar Edo, gara a faɗe ta. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, har gwamnan jihar, Monday Okpebholo, ya je Kano ta'aziyya. Wasu sun ɗauki wannan dalilin ƙin taka jihar gaba ɗaya, wasu kuma sun yi kamar ba a yi ba. Duka biyun ba su yi mini ba. Hausawa da yawa suna zaune a Benin suna kasuwancinsu, musamman a Aduwawa, inda hanyar Auchi ke shigowa gari. Amma kowa ya riƙe katin shaidarsa a jikinsa, ba a jakar da ke but ba. Takardun mota su cika. A fitar da wuƙa ko adda ko duk abin da za a iya kira makami daga motar tun a gida. A shinge mutum ɗaya ya yi magana, sauran su yi shiru. In kuna da ɗan'uwa ko aboki a garin, ya san da zuwanku da inda za ku sauka.

Sai kuɗi, wanda ya fi ramukan hanya raba abokai. "Mutumina, biya kawai, ma yi lissafi daga baya" ita ce kalmar da ke sa a dawo ana gaisawa sama-sama. Ku naɗa ma'aji ɗaya, a yi karo-karon kuɗin mai da masauki da motar zirga-zirga tun ranar Laraba, kuma a amince cewa wanda ya fasa bayan an kama ɗaki, kasonsa na ɗaki ya tafi. A kowace ƙungiyar WhatsApp ta tafiya akwai wanda ya fi kowa zumuɗi, shi ne kuma zai turo "wallahi wani uzuri ya taso" daren Alhamis. Abinci da tsaraba kowa ya ji da kansa. Ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don taransifa kan maƙale a daidai lokacin da mai kaya ya riga ya ƙulle maka leda.

Wajen masauki, araha ke ruɗar mutane. Sai a kama otal can Ugbowo ko bayan Ikpoba Hill don an rage 'yan dubbai, a biya bambancin da zaman cunkoso a Ramat Park. Kusan duk abin da ya kawo ku yana kewaye da wuri ɗaya, babban shataletalen Ring Road: gidan tarihi na ƙasa a tsakiyarsa, fadar Oba, wato sarkin Benin, a gefensa, kasuwar Oba da mutum-mutumin Emotan, wata 'yar kasuwa da ake girmamawa a tarihin garin, sai titin maƙera na Igun da tsohon gidan basarake Ogiamien ta wajen titin Sakponba. Ku sauka a GRA ko kusa da ita. Kada kuma ku sa rai da acaɓa, tun 2013 aka hana su aiki a tsakiyar birnin. Ku yi jinga da mai tasi ɗaya na yini guda, ko ku yi amfani da Bolt.

Yanzu ga Asabar ɗin kanta. Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne a zo garin ba a san komai game da shi ba, a shiga gidan tarihi a fito cikin minti ashirin ana cewa "ashe gumaka ne kawai". Ko a mota ne, wani ya ba sauran labarin a taƙaice. Masarautar ta kai ƙarfinta a zamanin Oba Ewuare, wanda ya hau mulki wajen 1440, kuma kafin ƙarshen wannan ƙarni Turawan Fotugal sun fara zuwa ciniki. A Janairun 1897 aka kashe wani jami'in Birtaniya, James Phillips, da yawancin tawagarsa a kan hanyarsu ta zuwa birnin, bayan an gaya musu su dakata. A Fabrairu Birtaniya ta turo sojoji kusan 1,200 ƙarƙashin Harry Rawson, suka ci garin, wuta ta cinye fada, suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa. Oba Ovonramwen aka kai shi Kalaba, can ya rasu a 1914. An ci Benin shekara shida kafin Turawa su fasa ganuwar Kano a 1903. Wanda ya san wannan, idan ya tsaya gaban allon tagulla mai ɗauke da mayaƙa da fadawa da fataken Fotugal, zai gane cewa tarihin fada ne aka adana a ƙarfe.

Kada ku zo da tsammanin ganin duk shahararrun kayan da kuke gani a intanet. Fiye da 900 suna gidan tarihin Birtaniya a Landan, har da fuskar hauren giwa ta Idia, mahaifiyar Oba Esigie, wadda aka yi tambarin bikin FESTAC na 1977 da ita. An fara dawo da wasu: Jamus ta miƙo kashin farko a Disamban 2022, Holan ta dawo da 119 a 2025, kuma a Maris na 2023 gwamnatin Buhari ta ayyana Oba a matsayin mai mallakar duk abin da aka dawo da shi. Amma dawowa daban, baje su inda kowa zai gani daban. Abin da ke gidan tarihin Ring Road, wanda aka buɗe a 1973, ya isa ya cika muku awa biyu in kun nemi ma'aikacin da zai zagaya da ku. Ku neme shi, ku kuma sallame shi da abin kirki. Ku fara da nan da safe. Tsallaka shataletalen da ƙafa sai an yi hattara, motocin ba sa jiran kowa.

A fada kuma, mu da muka tashi da sanin ladabin gidan sarauta bai kamata a koya mana ba, amma ana samun masu kutsawa da waya a sama suna ɗaukar bidiyo. Oba Ewuare II, wanda aka naɗa a Oktoban 2016, ba a ganinsa haka kawai don an zo wucewa. Ku tsaya a ƙofa, ku gaida masu tsaronta, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku tsaya inda aka ce ku tsaya. Kada ku sa baƙaƙen kaya, a can alamar makoki ce, kuma mata masu baƙar abaya su lura da wannan tun wajen haɗa jaka. Hoto sai an tambaya. Haka wuraren da za ku ga an ɗaure da jan ƙyalle da fari an barbaɗa alli: wurin bautarsu ne. Ba a ce ku shiga ba, ba a kuma ce ku tsaya kuna dariya ba. Kada ma ku ɗauka Hausa ta zama muku labule, mutanen da suka yi zaman Kaduna da Jos da bariki suna ko'ina, za ka gama gulma wani ya ce maka "sannu da zuwa". Su kuma mutanen garin 'yan ƙabilar Edo ne, ba Yarabawa ba ne, ba Ibo ba ne, kuma ba sa son a cakuɗa. Turancin buroka zai kai ku ko'ina.

Titin Igun shi ne inda zan ce ku ɓata lokaci da gangan. Zuriyar maƙeran fada ne ke aiki a wurin har yau. Ana gina siffar da yumɓu, a shafe ta da kakin zuma a sassaƙa duk ƙananan zane a jikin kakin, a sake lulluɓewa da yumɓu a gasa. Kakin ya narke ya zube, a ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa, in ta huce a fasa yumɓun. Shi ya sa kowane zubi tilo ne. Yawancin baƙi a shagunan bakin titi suke tsayawa. Ku nemi izinin leƙa bayan gida inda ake hura wuta. Kuskure biyu ake yi wajen saye. Na farko, a ruɗu da wanda zai rage murya ya ce yana da "tsohon kaya na asali". Sabo ne aka dusashe, in kuwa da gaske tsoho ne, doka ta hana cinikinsa. Na biyu, zumuɗi ya sa mutum ya sayi kan Oba mai nauyi, ya iso Abuja Hajiya ta ce ba za a ajiye mata mutum-mutumi a falo ba. Akwai ƙararrawa da munduwa da sauran kayan ado marasa siffar mai rai. A yi ciniki, amma wanda ya ga wahalar zubin ba zai taya rabin rabi ba.

Ganuwar Benin kuwa rami ne mai zurfi da tudun ƙasa a gefensa, ana danganta haƙa shi ga Oba Oguola da Ewuare. Yau ciyawa da shara da gine-gine sun ci wurare da yawa. Direba ya nuna muku ɓangaren da ya rage, ku kalla daga sama, kada wani ya ce zai sauka ɗaukar hoto. Gidan Ogiamien, wanda ya tsira daga gobarar 1897, ya fi nuna yadda ginin jar ƙasa na garin yake a da. Jar ƙasar nan kuwa in ta haɗu da ruwan sama, wanda ke zuba tun daga Afrilu har Oktoba, farar shadda da buɗaɗɗen takalmi sun shiga uku.

Abinci: kada ku yi tafiyar yini guda ku ƙare a teburin mai shayi da Indomie. Ku ɗanɗana miyar owo da dafaffiyar doya ko filanten, da baƙar miyarsu ta ganye da sakwara, da miyar banga ta kwakwar manja. Abin da ake buƙata kawai tambaya kafin a zuba: wane nama ne? Naman daji da dodon koɗi da alade duk ana sayarwa, kuma ba wanda zai ji haushi don ka tambaya. In zuciya ba ta kwanta ba, a ce kifi.

Kada ku bar komai muhimmi sai Lahadi. Safiyarta ta coci ce, shaguna da yawa a rufe, kuma duk awar da kuka ƙara a Benin za ku biya ta a cunkoson yamma tsakanin Gwagwalada da Giri, ga aiki na jira Litinin. Ku sha mai tun daren Asabar, ku biya otal, ku fita da asuba. Tsarabar filanten da garin kwaki da manja tana bakin hanya, busasshen kifi yana Lokoja. Jarkar manja a sa mata leda a baki kafin a murɗa murfin, a ɗaure ta tsaye, nesa da jakar kayan sawa.