Yadda ake maganin kurajen fuska ba tare da an ɓata fata ba

A Maradi, da zarar kuraje sun fito wa saurayi ko budurwa, gyaɗa ake fara ɗora wa laifi. Bincike bai tabbatar da hakan ba. Abin da masana suka gano shi ne, sinadarin balaga na sa fata ta riƙa fitar da maiƙo fiye da ƙima, matacciyar fata ta haɗu da maiƙon ta toshe ramin gashi, ƙwayar cuta mai suna Cutibacterium acnes ta hayayyafa a ciki, sai wurin ya kumbura ya yi mugunya. A ɓangaren abinci, abin da aka fi samun hujja a kansa shi ne yawan sukari da lemun kwalba, sai madara a wasu mutane.

Kafin sayen magani, a duba man da ake shafawa. Da yawa daga cikin mayukan ƙara haske da ke cikin kasuwa na ɗauke da clobétasol ko bétaméthasone, magunguna masu ƙarfi na rage kumburin fata. Su kansu suna haifar da kuraje, kuma ana gane su: ƙanana ne, girmansu ɗaya, suna fitowa lokaci guda a fuska da ƙirji da baya. Muddin ana shafa waɗannan mayukan, babu maganin da zai ci. Wadda ta daɗe tana shafawa ta nemi likita ya janye mata a hankali, domin dainawa farat ɗaya na sa fuska ta yi zafi ta ƙara fashewa. Basilin da man kitso ma na toshe ramuka a goshi.

Wanke fuska sau 2 a rana ya isa, da sabulu marar ƙarfi, da hannu. Soso, toka, lemun tsami da man goge baki ƙona fata suke yi.

Da safe a shafa peroxyde de benzoyle, kamar Cutacnyl. A fara da mai kashi 2,5 ko 5. Mai kashi 10 ya fi busar da fata ne kawai, bai fi aiki ba. Yana kashe ƙwayar cutar, amma yana cinye launin tufafi, don haka a bari ya bushe kafin a sa hijabi. Da dare a shafa adapalène mai kashi 0,1, wato Différine, wanda ke buɗe ramukan. Gwargwadon ƙwayar wake ya ishi fuska duka, a kan busasshiyar fata. Duk inda kuraje ke fitowa ake shafawa, ba kan ƙurjin kaɗai ba, saboda aikinsa hana sabo fitowa ne. Makonni 2 na farko a riƙa tsallake dare ɗaya. Fata za ta yi saɓa, musamman da hunturu, wani lokaci ma kurajen su ƙaru, kuma a nan ne mutane ke jefar da maganin. Sai an kai mako 8 zuwa 12 ake ganin sakamako.

Idan kurajen manya ne masu ciwo, likita kan ƙara doxycycline, maganin sha mai yaƙar ƙwayar cuta, miligiram 100 a rana na kamar wata 3, tare da na shafawar, don kada ƙwayar cutar ta saba da shi. A sha da cikakken kofin ruwa, kada a kwanta nan take, yana ƙona maƙoshi. Mai juna biyu ba ta shan sa, ba ta shafa adapalène; wani man shafawa mai suna acide azélaïque ake ba ta. Isotrétinoïne kuwa, maganin sha na kuraje masu tsanani, yana nakasa jariri a ciki, sai a hannun likitan fata.

Baƙin tabo ya fi kurajen damun masu baƙar fata, kuma matsa ƙurji da farce ne ke ƙara shi. Yakan ɗauki watanni kafin ya dushe, kuma rana na ƙara masa duhu, shi ya sa man kariya daga rana mai lamba 30 yake da amfani. Macen da kurajenta ke tare da rikicewar al'ada ko gashi a haɓa, a duba mata sinadaran jiki a asibiti.