Darasi na 7: Gane Bulubari da Masu Kama da Shi

Bulubari ɗan itace ne ƙarami, shuɗi mai duhu, girmansa bai wuce magarya ba. Asalinsa dazukan Amurka da Kanada ne. Yana son ƙasa mai tsami, kuma na daji sai ya sha sanyin hunturu kafin ya yi fure. Don haka ba ya tsirowa da kansa a Legas. Wanda ake gani a manyan kantuna, cikin 'yar roba mai giram 125, shigo da shi ake yi daga ƙasashe irin su Afirka ta Kudu.

Babbar alamarsa a gindi take. Juya shi, za ka ga ɗan kambi mai tsini 5. Fatarsa tana da fari-fari kamar an barbaɗa toka, wanda yatsa ke gogewa. In ka fasa, cikin kore-kore ne mai haske, da ƙwayoyi ƙanana da yawa. Itacen ba shi da ƙaya. Ganyayensa ba sa fuskantar juna a reshe, ɗaya nan ɗaya can, furensa kuma fari ne, a rataye kamar ƙararrawa.

Abin damuwar shi ne yaranmu. A kangwayen Agege ko gefen gonakin Ikorodu suna tsinkar 'ya'yan tsiro biyu masu kama da shi.

Na farko gautan kaji. Karansa laushi gare shi, furensa fari mai rawaya a tsakiya. 'Ya'yan baƙaƙe ne, gindinsu sumul, babu kambi. Ɗanyensu, wato koren, yana da guba.

Na biyu ma yana da haɗari: lantana, wanda Yarbawa ke kira ewon agogo. Reshensa yana da kusurwa 4 da ƙananan ƙayoyi. Ganyen kaushi gare shi, biyu-biyu suna fuskantar juna, in ka murza sai wari mai ƙarfi ya tashi. Furensa launi-launi ne a dunƙule ɗaya, kowane ɗa kuma ƙwallo ɗaya gare shi mai tauri. Masu dabbobi su kula, ganyen yana lalata hantar shanu da tumaki.

Idan yaro ya ci ya fara amai, gudawa ko kasala, kada a tsaya ba shi manja. A tsinko reshen da ganye da 'ya'yansa, a tafi da shi asibiti a nuna wa likita.