Yadda Ake Auna Gwanayen Wasan Tanis Ba Tare da Son Rai Ba

A unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango na birnin Accra, Ghana, ƙwallon ƙafa ce ke cinye hirar majalisa, amma yanzu da ake kallon manyan gasannin tanis kai tsaye a talabijin da waya, kuma aka buga wasan a Borteyman da ke yankin Accra lokacin Wasannin Afirka a watan Maris na 2024, ana samun matasan da ke musu kan wanda ya fi tsakanin Federer da Nadal da Djokovic. Musun yakan watse babu matsaya, domin kowa da ma'aunin da ya riƙe. Ga hanyar da nake ganin ta fi kusa da adalci.

Ka fara da ƙidayar kofunan manyan gasanni huɗu, wato na Ostareliya da na Faransa da Wimbledon ta Ingila da na Amurka, domin a nan ne ake buƙatar cin wasa bakwai a jere cikin mako biyu. Novak Djokovic ya kai 24 a shekarar 2023, Rafael Nadal ya yi ritaya da 22, Roger Federer kuma da 20. A ɓangaren mata, Margaret Court na da 24, Serena Williams 23, Steffi Graf 22. Kada ka haɗa maza da mata a ma'auni ɗaya, saboda a waɗannan gasanni namiji sai ya ci turmi uku cikin biyar, mace kuwa biyu cikin uku.

Sai dai ƙidaya kaɗai tana iya ruɗar mutum idan bai tambayi zamanin da aka ci kofunan ba. Kafin 1968, duk wanda ya mayar da tanis sana'ar neman kuɗi ba a barinsa ya shiga manyan gasannin. Wannan doka ta hana Rod Laver bugawa daga 1963 har zuwa 1968, alhali shi ne ya haɗa kofuna huɗun cikin shekara guda a 1962, ya sake yin haka a 1969. Bjorn Borg ya ci 11, ya ajiye wasa yana ɗan shekara 26, kuma sau ɗaya tak ya je gasar Ostareliya, domin a lokacinsa manyan 'yan wasa da yawa ba su ɗauke ta da muhimmanci ba. Haka nan 11 daga cikin kofunan Court a ƙasarta Ostareliya ta ci su. Wanda ya manta da waɗannan abubuwa ya zalunci mutanen da.

Daga nan ka duba irin filin. A kan ciyawa ƙwallo tana sulɓewa da sauri ƙasa-ƙasa, a kan jar ƙasa tana rage gudu ta yi tsalle sama, daɓe mai tauri kuma yana tsakanin biyun. Nadal ya ci gasar Faransa sau 14, kuma sau huɗu kawai aka taɓa doke shi a can cikin wasanni 116, abin da a ganina babu kamarsa a tarihin wasan. Federer na da Wimbledon takwas, Djokovic na da Ostareliya goma. Ka tambayi abokin musunka tun da wuri ko mamaye fili ɗaya ya fi burge shi, ko kuwa iya kowane fili, domin amsarsa ce za ta nuna inda hirar ta dosa. Sakamakon karawarsu da juna ma yana da amfani: Djokovic ya rinjayi Nadal 31 da 29, ya rinjayi Federer 27 da 23, Nadal kuma ya rinjayi Federer 24 da 16. Ka haɗa da makonnin da kowa ya yi a matsayi na ɗaya a duniya, inda Djokovic ke da 428, Federer 310.

Mataki mafi nauyi shi ne wanda allon ƙidaya ba ya nunawa. Federer da kansa ya faɗa a 2024 cewa ya ci kusan kashi 80 cikin ɗari na wasanninsa, amma kashi 54 kacal na makin da ya buga. Ke nan gwani ma yana rasa kusan rabin maki, bambancinsa da sauran shi ne waɗanne maki yake ci. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A wasan ƙarshe na Wimbledon na 2019, Federer ya ci maki 218, Djokovic 204, kuma sau biyu Federer yana neman maki ɗaya ya ɗauki kofi, ga shi shi ke da bugun farawa, amma Djokovic ya kuɓuta ya ci wasan. A Ostareliya a 2022, Daniil Medvedev ya ci turmi biyu na farko, Nadal ya farfaɗo ya kwashe ukun da suka rage yana da shekara 35. Carlos Alcaraz ma ya tsallake irin wannan maki har uku a hannun Jannik Sinner a wasan ƙarshe na Faransa a 2025.

Saboda haka idan kana kallo, ka daina bin ƙwallo kaɗai a irin waɗannan lokuta. Ka lura da abin da ɗan wasa yake yi bayan ya ɓarar da maki mai sauƙi: ko yana gaggawa, ko yana komawa ga bugun da ya fi amincewa da shi, ko yana sauya dabara idan wadda ya zo da ita ta ƙi ci. Ka bi shi a wasanni da dama, musamman ranar da jikinsa bai ba shi haɗin kai ba.

Da wannan ma'auni, ni dai Djokovic nake ɗorawa a gaba a tsakanin maza, Nadal a kan jar ƙasa, Federer kuma a kyawun bugu, wanda ba ya shiga lissafi. Alcaraz da Sinner kuwa, a kwatanta su da abin da waɗancan suka ci a daidai shekarunsu, ba da jimillar da suka tara bayan shekara ashirin a fage ba.