Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Auna Ɓangaranci a Fina-finai Marasa Sauti

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne mutum ya kalli tsohon fim mai cike da cin mutunci, ya ce "ai haka zamanin yake", ya wanke shi tas. An fi yi wa The Birth of a Nation na D. W. Griffith wannan uzuri, fim ɗin 1915 da ya mai da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar Turawa masu ƙin jinin baƙaƙe, jarumai, ya nuna baƙaƙen fatar Amurka a matsayin abin tsoro. To, ai mutanen zamanin ba su yi shiru ba. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen Amurka ta tashi tsaye a kan a hana nuna shi, William Monroe Trotter, wani ɗan jarida baƙar fata, kuma ya ja zanga-zanga a Boston. A Nuwamban wannan shekarar aka farfaɗo da Klan a jihar Jojiya. Kafin ka ce kowa ya amince, nemi abin da jaridun waɗanda aka ci wa fuska suka rubuta a lokacin.

Sai ƙirga fuskoki. Wani zai ce ya ga baƙaƙe kaza, 'yan Asiya kaza, saboda haka an dama da kowa. Duba da kyau. Manyan 'yan wasan da suka fito a matsayin baƙaƙe a fim ɗin Griffith Turawa ne da aka shafa wa baƙi a fuska, kuma in kyamara ta matso ba sai an faɗa maka ba. Mu ma abin ya taɓa mu. A 1926 aka fitar da Palaver, wanda Geoffrey Barkas ya ɗauka a yankin Filato cikin mutanen Sura da Angas. Jama'armu sun cika hoton maƙil, amma labarin na Di'o ne da wani Bature mai haƙar kuza, masu ƙasar kuwa an bar su a matsayin matsalar da Bature zai magance. Maimakon ƙirga kai, tambayi kanka: wa aka ba suna, wa ke yanke shawara, kuma baƙin cikin wa ake so mai kallo ya ji?

Akwai kuma wanda masu nazari kansu ke faɗawa ciki, wato ɗaukar kwafin da ke hannunka a matsayin asalin fim. A waɗannan fina-finai magana tana kan allunan rubutu da ake sakawa tsakanin hotuna, kuma sauya su abu ne mai sauƙi. A The Cheat na 1915, mugun da Sessue Hayakawa ya fito a matsayinsa ɗan Japan ne. Japanawan Amurka suka yi ƙorafi, da aka sake fitar da fim ɗin a 1918 sai rubutun ya mai da shi ɗan Burma. Hoto bai canza ba, ƙasar da ake zargi ce ta canza. Don haka ka fara da sanin shekarar kwafinka da inda aka samo shi.

Kada kuma ka manta da wanda ya zuba kuɗi. Gwamnatin Sobiyet ce ta sa darakta Eisenstein ya shirya Battleship Potemkin a 1925 don cikar juyin juya halin Rasha na 1905 shekara 20, kuma kisan gillar da aka nuna a matakalar birnin Odessa bai faru haka ba.

Mafi wuyar gyara shi ne cewa "babu fina-finan da baƙaƙe suka shirya" don kawai ba ka gan su ba. Wani bincike da Laburaren Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa sauti sun ɓata gaba ɗaya, kuma ƙananan kamfanonin baƙaƙe ba su da rumbun ajiya irin na manya. Fim ɗin farko na Oscar Micheaux, mai shirya fim baƙar fata, The Homesteader na 1919, har yau ba a same shi ba. Wani fim ɗinsa, Within Our Gates na 1920, wanda ya nuna yadda gungun Turawa ke rataye baƙaƙe ba shari'a, shi ma an daɗe ana ɗaukar ya salwanta, sai aka tsinci kwafi ɗaya a Sifaniya da sunan La Negra. Rubutun Turancin da kake karantawa a cikinsa yau, akasarinsa daga Sifaniyanci aka sake fassaro shi.