Yadda na gano inda kuɗin haya ke zurarewa

Shekara biyu ina ganin gidan da na ba da haya yana kawo riba, amma ƙarshen shekara in duba, aljihu wayam. Laifina ne. Hayar shekara kawai nake aunawa da kuɗin da na sayi gidan, in ga kashi 8 cikin 100, in yi ta murna.

Da na baje rasit a tebur, sai na ga inda gizo ke saƙa. Na cire ladan dillali, haraji, fenti, gyaran famfo, da wata biyu da gidan ya yi a kulle. Abin da ya rage bai kai kashi 5 ba. Zaman gidan babu ɗan haya ne ya fi ci mini rai: wata ɗaya kacal yana lashe sama da kashi 8 na hayar shekara, kuma babu rasit da zai nuna maka.

Na buɗe wa gidan asusunsa daban, na daina tsoma hannu ciki. Duk hayar da ta shigo, kashi 10 na gyara ne. Rufin da nake ta yi wa faci kuwa, na sa aka sauya kwanon gaba ɗaya, tabon ruwan da ke silin bai sake dawowa ba.

Ɗan hayar yanzu ba ya wasa da biya, don haka ƙari kaɗan na yi masa da muka zo sabunta yarjejeniya. In ya tashi na yi wata biyu ina neman wani, ƙarin da nake hange ya bi ruwa.