Kafin ka kira motar kwasar masai

Jama'ar Gombe, idan sokawe ya fara wari, kada ka yi saurin kiran motar kwasa. Fara duba bututun iskan nan da ke tsaye a bayan banɗaki.

Sau da yawa zanzaro ne ya yi ginin laka a bakinsa ya toshe shi. Iskar ƙazantar ta rasa mafita, sai ta dawo cikin gida. Zura waya ka fasa lakar, ka bi da ruwa, sannan ka ɗaure bakin da ragar sauro.

Ka kuma rage zuba Izal da Hypo, suna kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazantar.

Amma in ramin ya cika, ko damina ta jiƙe ƙasa ruwa ya daina tsotsewa, dole sai an kwashe. Don Allah kada kowa ya shiga ramin, iskar ciki tana kisa.